Yadda ake haɗa hambaga a gida, da inda mayonez da mutardi kowa zai tsaya

A gidanmu da ke unguwar Birni a Damagaram, duk ranar da na ce yau hambaga za a ci, kafin gawayi ya kama gardama ta riga ta kama. Yara mayonez suke so, a lafta musu har ya riƙa bin gwiwar hannu. Babansu kuwa, wanda ya yi shekarun karatunsa a Yamai yana cin gasasshen nama da albasa da mutardi a bakin titi, cewa yake mayonez abincin marasa haƙora ne. Na daɗe ina raba faɗan da ajiye kwalabe biyu a kan tabarma, kowa ya yi yadda ransa ya so. Sai da na ɓata nama ba sau ɗaya ba sau biyu ba kafin in gane cewa abubuwan nan biyu ba kishiyoyi ba ne. Mayonez maiƙo ne, mutardi kuwa tsami ne da kaifi. Naman da kika sayo shi zai gaya miki wanda yake nema, kuma kowannensu da wurin zamansa a cikin buredin.

Kafin mu shiga madafa bari in kwantar wa wasu hankali. Wata maƙwabciyata ta taɓa ƙin ci, wai ɗanta ya gaya mata farkon sunan a turancin Ingila naman alade yake nufi. Sunan daga Hambug ya fito, wani birnin bakin ruwa a ƙasar Jamus, inda aka san mutanensa da yin faifan niƙaƙƙen naman sa. Baƙin da suka ƙaura Amurka suka tafi da shi, a can aka cusa shi tsakanin buredi. Naman sa ne tun asali, kuma wanda za ki yi a gida ai ke kika san mahaucin da ya yanka.

Naman da za ki nema

Ki yi sammako. Naman da za a niƙa ba ya son ya wuni a kan tebur ƙuda na bi, saboda haka ki isa Kasuwar Dole ko wajen mahaucin unguwarku da hantsi, lokacin da nama bai daɗe da isowa daga mayanka ba. Rabin kilo ya isa mutum huɗu. A cikin rabin kilon nan ki nemi giram 400 na tsoka da giram 100 na kitse, wato kashi ɗaya cikin biyar ya zama kitse. Wannan shi ne awon da masu sana'ar suka fi yarda da shi, kuma a nan ne yawancinmu muke kuskure, don mun saba ce wa mahauci ya cire mana kitse tas.

Shanunmu na kiwo ne, tafiya suke yi, ba a turke ake ɗura musu hatsi ba. Namansu yana da daɗi amma tsoka ce zalla, musamman daga tsakiyar rani zuwa bazara lokacin da ciyawa ta ƙare. Idan kika gasa irin wannan ba kitse, abin da za ki samu ya fi kusa da ƙuli-ƙuli. Maganin abin yana bayan sa, wato tozo. Ni nakan ce wa nawa mahaucin, «Sarkin fawa, yau ma a taɓa mini tozo.» Shi kuma ya ce, «Hajiya, ke dai kin gano inda daɗin yake.» Tozo kitsensa a saƙe yake cikin nama, ba ya narkewa ya gudu gaba ɗaya. In babu tozo, kitsen haƙarƙari ya yi. Kitsen rago ma yana shiga, sai dai ƙamshinsa yana da ƙarfi kuma yana daskarewa a ganɗa da zarar abinci ya huce.

Wajen niƙa, in akwai injin niƙa nama kuma idonki ya ga an wanke shi, to. In ba haka ba, ki kai gida ki yanka ƙanana, ki baza a kan katako mai tsabta, ki sassara da wuƙa mai kaifi har ya koma kamar tsakin hatsi. Kada ki kai shi turmi. Daka yana mayar da nama kamar danƙo, in ya gasu sai ya yi tauri yana jan haƙori.

Mulmula

Kada ki sa ƙwai, kada ki sa garin buredi, kada ki zuba albasa da tattasai a ciki. Wannan wani abinci ne daban, mai daɗi ma, amma ba shi muke yi ba yau. Gishiri ma kada ya shiga cikin naman tun yanzu, domin yana sa shi ya haɗe ya yi ƙarfi. Ki raba huɗu, kowane giram 125, ki mulmula da hannu mai sauƙi kamar mai tsoron fasa ƙwai, sannan ki danne ya zama faifai mai kaurin yatsa ɗaya da ɗan ƙari. Faɗinsa ya ɗan wuce na buredin, don yana tsukewa a kan wuta. Ki sa babban yatsa ki ɗan lotsa tsakiyar kowanne. In ba ki yi haka ba zai kumburo a tsakiya, duk abin da kika ɗora masa ya zame.

Ki rufe, ki sa a firigo. In babu firigo ko an ɗauke kuran, to ki bar mulmulawar sai wuta ta kama, ki yi sauran ayyukan tukuna.

Ganye da ruwa

Lokacin sanyi ne hambaga ta fi arha a Damagaram, lokacin da salati da tumatir na lambunan Miriya da Gidimuni suka cika kasuwa. Salati na dala ashirin ya ishe ki. Na san halin ruwa a garin nan, na san kowane jarka da lissafinsa, amma wankin salati ba wurin tsimi ba ne. Ki ware ganyen ɗaya-ɗaya ki wanke ƙasar, ki jiƙa minti goma sha biyar a ruwan da kika ɗiga wa jabel ɗigo biyu ko uku a kowace lita, ki ɗauraye da ruwan sha, sannan ki bar shi ya tsane sarai. Jiƙaƙƙen salati shi ne ke tsinka mayonez ya mayar da buredi kamar an tsoma a shayi.

Tumatir ki yanka shi zobe-zobe, ki barbaɗa masa ɗan gishiri ya zubar da ruwansa. Albasa kuwa ki nemi ja ta Galmi, ki yanka siriri. In akwai kokwamba, ki yanka ta fale-fale ki zuba mata binegar cokali uku, sukari cokali ɗaya da ɗan gishiri, ki ajiye rabin awa. Wannan zai maye miki gurbin ƴan ƙananan kokwamba na kwalba da ake sayarwa da tsada.

Mayonez

Mu nan mun san mayonez tun kafin mu san hambaga. Kowane mai shayi yana da kwalbarsa, a tsaga dogon buredi a shafa, a ɗora wainar ƙwai. Waɗanda suka saba da kayan Kano da ke shigowa ta Magarya ko Matamai ma bama suke ce masa, da sunan kamfanin da ya fi yawo a can. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yawan man da ke ciki. A Amurka doka ba ta yarda a kira abu mayonez ba sai mai ya kai kashi 65 cikin ɗari, na gida kuwa yakan wuce haka. Babban cokali ɗaya na mayonez kusan babban cokali ɗaya ne na mai. Mai fama da ƙiba ko hawan jini ya riƙe wannan kafin ya lafta cokali uku.

To me yake yi a hambaga? Abu biyu. Na farko, yana ba busasshen nama laushin da ya rasa. Na biyu, mai ba ya haɗuwa da ruwa, saboda haka in kika shafa shi a ƙasan buredi yana tare romon nama da ruwan tumatir, buredin ba zai jiƙe ya dagargaje a hannu ba. Wannan aiki na biyu mutardi ba ya iya yinsa, kuma shi ya sa ko maigidana da ke zagin mayonez nakan shafa masa siriri a ƙasa ba tare da na yi shela ba.

In za ki saya, ki duba ranar lalacewa a jikin kwalba, ki guji wadda aka jera a rana a ƙofar butiki. In man ya taso ya kwanta a sama, ki mayar. Ga gidan da babu firigo, ƴan ƙananan leda da ake buɗewa a shanye a zama ɗaya sun fi babbar kwalba, ko da sun fi tsada in an yi lissafi.

In kuma za ki yi da kanki, ga yadda ake yi. Ki sami kwano mai zurfi, busasshe. Ki fasa ƙwai sabo ki ware gwaiduwa ɗaya. Da damina ki gwada na zabi, gwaiduwarsa ta fi kauri da launi. Ki zuba cokalin shayi ɗaya na mutardi da ɗan gishiri. E, mutardi na ce. Mayonez irin na Faransa da mutardi ake fara shi, don yana taimakon gwaiduwa ta riƙe mai. Ranar da na gaya wa yarana haka sai da suka yi shiru, abin da suke gudu ashe yana cikin abin da suke so.

Ki kaɗa su su haɗu. Sannan ki fara sa mai ɗigo-ɗigo, hannu ɗaya na zubawa ɗaya na kaɗawa, ba tsayawa. Nan ne ake faɗuwa. Wanda ya yi gaggawa a cokula uku na farko, ruwa zai kwasa. Sai kin ga ya fara kauri yana kama cokali, sannan ki ƙara yawan zubin ya zama kamar zare. Gwaiduwa ɗaya tana ɗaukar mai kamar kashi ɗaya cikin biyar na lita. A ƙarshe ki matsa lemun tsami cokalin shayi ɗaya ko biyu, za ki ga ya yi haske ya saki jiki. Man gyaɗa na matan unguwa yana yi, amma ƙamshinsa yana fitowa sosai. In ba kya so, ki soya shi da albasa tun da wuri, ki bar shi ya huce sarai kafin ki taɓa ƙwai da shi, ko ki yi amfani da man kwalba marar ƙamshi.

In ya tsinke, kada ki zubar. Ki ɗauko wani kwano da sabuwar gwaiduwa, ki riƙa zuba tsinkakken a kanta kaɗan-kaɗan kina kaɗawa, kamar shi ne man. Zai dawo.

Sai dai ɗanyen ƙwai ne, kuma ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke kawo amai da zawo. Na kanti an dafa ƙwansa a masana'anta, na gida ba a dafa ba. Mai ciki, ƙaramin yaro, tsoho da marar lafiya kada a ba su. Domin su, ki dafa ƙwai biyu su yi tauri, ki murje gwaiduwar da mutardi da lemun tsami har ta yi sumul, sannan ki bi da mai a hankali. Ba ya tsayawa kamar wancan, amma a cikin buredi ba mai ganewa.

Mutardi

Ɗan tsiro ne mai ƙananan ƙwayoyi, kuma ba baƙo ba ne a kunnenmu. Shi ne hardal da aka ambata a Alƙur'ani, a Suratul Anbiya aya ta 47 da Suratu Luƙman aya ta 16, wanda masu tafsiri kan kwatanta mana da ƙwayar komayya saboda ƙanƙanta. Ƙwayar a bushe ba ta da wani zafi. Sai an niƙa ta ta haɗu da ruwa sannan kaifin yake tashi, kuma kaifinsa ba irin na tonka ba ne da ke zama a harshe yana ci. Hanci yake hawa, ya sa ƙwalla, ya wuce nan take. Wanda ya iya cin attarugu ba lalle ya iya cin mutardi ba, na ga dattijo mai cika baki ya ajiye buredi yana neman ruwa.

Iri biyu za ki fi ji. Akwai na Dijon, wani gari a Faransa, mai launin ƙasa-ƙasa da kaifi sosai, irin su Amora da Maille. Shi ne ya fi zuwa mana nan, ta hanyar da dogon buredi ya zo. Akwai kuma rawaya na Amurka, irin French's da ya fito a 1904, wanda gangamau ne ke ba shi launi. Shi tsami ya fi yawa, kaifinsa kaɗan ne, shi ya sa can suke iya zuba shi da yawa. In kin ga hoton hambaga an tsiyaya mata rawaya kamar fenti, kada ki kwaikwaya da na Dijon, za ki kori baƙinki. Abin dariya kuma, yawancin ƙwayar da Faransa ke niƙawa daga Kanada take zuwa. Da fari ya kama Kanada a 2021, sai ga mutardi ya yi ɓatan dabo a kantunan Faransa a 2022.

Ki karanta jikin kwalba kafin ki biya. Wasu ana zuba musu farar giya, za ki ga an rubuta «vin blanc» a cikin jerin kayan haɗi. Ki ajiye wannan, ki ɗauki mai ruwa da ƙwayar mutardi da binegar da gishiri. Binegar daban, giya daban, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu da wani rubutu ba ya tambayi malaminsa.

Aikin mutardi yanke maiƙo. Dalilin da ya sa mai tukuba yake haɗa miki balangu da ɗanyen albasa da yaji, shi ne dalilin mutardi a kan hambaga: nama mai kitse yana gundura bayan loma uku in babu abin da ke tsaga shi. Kuma ba ya da nauyi, cokalin shayi guda kusan ba mai a ciki.

Can Amurka inda abincin ya girma ma ba su daidaita ba. Ƙaramar hambagar gidan abincin McDonald's kecaf ne, wato miyar tumatir mai zaƙi ta kwalba, da mutardi da albasa da kokwamba mai tsami, babu mayonez ko ɗigo. Whopper, babbar hambagar gidan abincin Burger King, wadda ta fito a 1957, mayonez ne da kecaf da salati da tumatir, babu mutardi. A jihar Tekzas mutardi ne ke kan gaba. Akwai wani tsohon shago a garin Niyu Heben, Louis' Lunch, da ya hana duka, ko kecaf ba ya bayarwa. A 2009 Barak Obama ya shiga wani shagon hambaga kusa da Washinton ya nemi mutardi mai kaifi irin na Dijon, wasu masu sharhi suka yi ta yi masa ba'a wai ɗanɗanon masu kuɗi gare shi. In shugaban ƙasa bai tsira ba, ina ga baban yarana. Amma ki lura da abu ɗaya: hambaga mai salati da tumatir ita ke tafiya da mayonez, mai nama da albasa kawai ita ke tafiya da mutardi. Ba a banza suka yi haka ba.

Gashi

Ki hura gawayi ya kama sosai, harshen wuta ya kwanta, toka ta fara rufe garwashi. In kika miƙa tafin hannu sama da wayar gashi ba ki iya ƙirga huɗu ba, ta yi. Kaskon ƙarfe mai kauri ma ya isa, har ya fi ga naman da aka sara da wuƙa, don ba ya zubewa ta ramuka. Ki shafa ɗan mai.

Yanzu ne lokacin gishiri. Ki barbaɗa a fuskar naman da ɗan masoro, ki kifa wannan fuskar a kan wuta, ki barbaɗa wa ta sama. Ki bar shi minti huɗu ba taɓawa. Kada ki danna shi da cokali. Wannan ƙarar mai daɗi da kike ji in kin danna, romon da za ki ci ne yake ƙonewa. In ya saki wayar da kansa, ƙasan ya yi ja mai duhu, ki juya sau ɗaya, ki ba shi wasu minti huɗu.

Ga wata dabara ga masu tsoron mutardi. Kafin ki juya, ki shafa rabin cokalin shayi a ɗanyar fuskar da ke sama, sannan ki kifa ta a kasko. Wuta tana kashe kaifin da ke hawa hanci, ta bar tsami da ƙamshi sun kama jikin nama. Da wannan na shawo kan ƴata ta biyu, har yau ba ta san abin da ke sa nata ya fi daɗi ba.

Niƙaƙƙen nama dole ya gasu har ciki. Tsoka guda ƙwayoyin cuta a bayanta suke, wuta na taɓawa sun mutu, amma niƙa yana kai su tsakiya. Masu ma'aunin zafi digiri 71 suke nema a tsakiyar naman. Mu da ba mu da shi, ki tsaga ɗaya ki duba: babu ja, ruwan da ke fita fari ne garau. Abin da kike gani a bidiyo na nama ja a tsakiya ki bar wa masu shi. Kuma farantin da ɗanye ya zauna a kai, kada gasasshe ya koma cikinsa.

Ki sauke, ki ba shi minti biyu ya huta. A cikin mintin nan biyu ki tsaga buredi ki kifa cikinsa a kan wuta ya ɗan yi ja. Zagayayyen buredi mai laushi ake so, wasu gidajen buredi suna yi in an yi musu magana tun jiya. In babu, dogon buredi ma yana yi: ki yanka shi tsawon tafin hannu, ki ɗan ƙwaƙule cikinsa, ki yi naman a miƙe maimakon zagaye. Buredi mai zaƙi irin na Najeriya ya fi jituwa da mutardi, don zaƙi da mayonez tare suna saurin gundura.

Jeri

Daga ƙasa ake farawa. A kan ɓarin buredi na ƙasa ki shafa mayonez, cokalin shayi biyu, ki kai shi har gefe-gefe. Ki ɗora salati, sai tumatir, sai nama. A kan naman kai tsaye ki shafa mutardi, rabin cokalin shayi in na Dijon ne, cokali guda cur in rawaya ne. Sai albasa da kokwamba, ki rufe. Mayonez yana tare da ganye da buredi, mutardi yana tare da nama da albasa, ba su haɗu ba sai a baki.

Daga nan ki gyara awon bisa naman da kika samu. Kin dace da tozo, naman na ɗigar da maiƙo? Ki rage mayonez ya zama shafa kawai, ki ƙara mutardi. Tsoka ce zalla ta watan bazara, ko naman kaza, ko na akuya? Ki shafa mayonez sama da ƙasa, mutardi ya zama ɗan taɓawa. In kin ɗora cuku mai narkewa, shi ma maiƙo ne, mayonez ya ja baya. In dole ne in zaɓi ɗaya, kuma naman ya yi yadda nake so, mutardi zan ɗauka. Mayonez da yawa yana lulluɓe ɗanɗanon nama, ki sha wahalar neman tozo da sara da gashi, a ƙarshe ki ji man kwalba kawai a bakinki. Maigida ya karanta wannan, na san ba zan huta ba.

Ranar da baƙi suka yi yawa ba kya iya bin kowa da son ransa, ki yi haɗi guda: mayonez babban cokali uku, mutardi babban cokali ɗaya, ɗan lemun tsami, da yajin ƙuli cokalin shayi ɗaya. Yajin tsire da mayonez suna shiri fiye da yadda za ki zata, gyaɗar da citta suna ba shi ɗanɗanon gida. Kecaf kuwa ban hana ba, amma zaƙinsa yana danne mutardi, in za a sa shi a sa kaɗan.

Zafin garinmu

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, lissafin duk yana canzawa. Ƙa'idar masu kula da lafiyar abinci ita ce abu mai saurin lalacewa kada ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32 awa ɗaya ne kacal. Mu nan rabin shekara muna sama da wannan. Na taɓa yin mayonez na gida da hantsi saboda walimar saukar ɗan ƙanwata, aka ɗauke kuran, na ce ai zuwa la'asar ba komai. Mutum biyar suka kwana suna zarya, ni ce ta shida, kuma har yau in an yi taron dangi sai an tuna mini.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Mayonez na gida ana gama shi ana ci, abin da ya saura in akwai firigo mai aiki ya kwana ɗaya, in babu a zubar. Na kanti in an buɗe shi firigo ne wurinsa, kuma cokali mai tsabta kaɗai ke shiga kwalbar, ba wuƙar da ta taɓa nama ko tumatir ba. Mutardi shi ba ya da wannan rauni, binegar da gishiri suna tsare shi. In ya daɗe a buɗe kaifinsa ne ke raguwa, samansa ya yi duhu ya bushe, sai ki kwashe saman ki juya sauran.

Saboda haka hambagar da za a ɗauka a tafi da ita, ta ɗan lakwal ko ta mai hawa mota zuwa Maraɗi ko Yamai, mutardi kaɗai nake sa mata, da albasa, ba salati ba tumatir, in naɗe a takarda maimakon leda don kada ta yi gumi, in kuma ce a cinye ta kafin a isa Takeita. Mai son mayonez in jefa masa ƴar leda ɗaya a aljihu, ya buɗe lokacin da zai ci.